Shin 4,294,967,297 firam ce? Yadda ake bin diddigin babbar lamba

Tambaya: "Malam, barka da aiki. An ba mu lamba 4,294,967,297, an ce mu faɗi ko firam ce, mu kuma kawo sauran siffofinta. Na raba ta da 2, 3, 5, 7, 11 har na kai 100, babu wadda ta shige ta ba saura. Wani abokina ya yi mata gwajin Fermat a kwamfuta, ya ce ta tsallake. To in rubuta cewa firam ce? Kuma me ake dubawa a jikin babbar lamba irin wannan?"

Yauwa, ɗan'uwa, kada ka rubuta haka. Lambar ba firam ba ce: 641 sau 6,700,417 ne ya ba da ita. Amma tambayarka kashi biyu ce, ta yaya ake tabbatar da ko lamba tana rabuwa, sannan waɗanne rukunai ake sa ta a ciki. Na biyun ya rataya ne a wuyan na farkon, don kusan duk siffar da ke da nauyi a ilimin lambobi daga firam ɗin da suka gina lambar take fitowa. Wanda ya ba ku wannan lamba kuwa da gangan ya zaɓe ta, saboda ta taɓa ruɗar masanin lissafi Fermat da kansa.

Mu daidaita kalmomi tukuna. Firam ita ce lambar da ta fi 1 wadda ba ta rabuwa ba saura sai da 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 641. Wadda ta fi 1 kuma ba firam ba, haɗaɗɗiya ce. Kowace haɗaɗɗiya tana warwaruwa zuwa firam da aka ninka da juna, ta hanya ɗaya tak, waɗannan firam ɗin su ne tubalanta. Idan na rubuta 2^32, ina nufin 2 guda talatin da biyu an ninka su da juna.

Abin da ido ke gani kafin a fara rabawa

Ana karanta ta biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Alƙaluma goma ne. Ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, 2 da 5 ba su raba ta. Wannan 7 ɗin ya ƙara gaya mana cewa ba murabba'in wata lamba ba ce, domin duk lambar da aka ninka da kanta sakamakon yana ƙarewa ne da 0, 1, 4, 5, 6 ko 9.

Jimillar alƙalumanta 59. Raba 59 da 3, saura 2. Raba da 9, saura 5. Haka ita ma babbar lambar za ta bari, don haka 3 da 9 sun fita. Su 7 da 11 da 13 ana kama su lokaci guda, saboda 7 sau 11 sau 13 shi ne 1,001. Ka yanka lambar uku-uku daga dama, ka riƙa ɗebewa kana tarawa bi da bi: 297 a ɗebe 967, a tara 294, a ɗebe 4. Ka samu 380 a ƙasa da sifili. Tunda 380 ba ta rabuwa da 7 ko 11 ko 13, ita ma babbar ba ta rabuwa da su.

Waɗannan gwaje-gwaje minti biyu ne, kuma iyakarsu ke nan. Suna kore ƙananan firam, ba su tabbatar da komai.

Inda rabawa har 100 ta gaza

Idan lamba haɗaɗɗiya ce, dole ɗaya daga tubalanta bai wuce tushen murabba'inta ba, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ita. Dalili a fili yake: in duka biyun sun fi tushen, ninkinsu zai fi lambar. A nan 65,536 sau 65,536 shi ne 4,294,967,296, wato lambarka saura ɗaya. Ke nan wanda zai bi hanyar rabawa ɗaya bayan ɗaya, ba ya da ikon cewa "firam ce" sai ya gama da duk firam ɗin da ke ƙasa da 65,536. Guda 6,542 ne. Kai da ka tsaya a 100 ka gwada 25 kacal. Da ka ci gaba da haƙuri, da ka ci karo da 641 a gwaji na 116.

Kwamfuta tana gama wannan kafin ƙiftawar ido, kuma ga lamba mai alƙaluma goma babu laifi a bar mata. Sai dai ni abin da nake fara yi da kowace babbar lamba shi ne in duba maƙwabtanta: a ɗebe 1, a tara 1, a ga ko wata sananniya ce ke kusa. Wanda ya saba da ninkin 2 yana ganin 4,294,967,296 zai gane 2^32 ce. To lambarka 2^32 + 1 ce, kuma 32 ɗin kanta 2^5 ce. Daga nan aikin ya sauya gaba ɗaya.

Lambobin Fermat da dabarar Euler

Ka fara da 2, ka riƙa ninka sakamakon da kansa: 2, 4, 16, 256, 65,536, 4,294,967,296. Ka ƙara wa kowace 1: 3, 5, 17, 257, 65,537, 4,294,967,297. Su ake kira lambobin Fermat, ana ƙirga su daga sifili, shi ya sa taka ake ce mata F5 ko da yake ita ce ta shida a jere. Biyar na farko duk firam ne. A 1640 masanin lissafin Faransa Pierre de Fermat ya rubuta cewa ya yi imanin dukkansu firam ne har abada, tare da amincewa cewa bai samu cikakkiyar hujja ba. Maganar ta zauna kusan shekara casa'in, har masanin lissafi Christian Goldbach ya ja hankalin takwaransa Leonhard Euler gare ta a wata wasiƙa ta 1729. A 1732 Euler ya nuna 641 tana raba F5.

Abin koyo shi ne yadda ake taƙaita waɗanda za a gwada. A ce firam p tana raba 2^32 + 1. Ma'ana idan aka raba 2^32 da p, sauran da za a samu p ne ba ɗaya. Ninka wannan da kansa, sai 2^64 ta bar saura 1. Yanzu ka lura: idan kana ninkawa da 2 kana riƙe saura kawai, sauran yana zagayawa ne ya dawo kan 1, kuma tsawon zagayen dole ya raba 64. Ba zai zama 32 ko ƙasa da haka ba, don da haka ne da 2^32 ta bar saura 1, alhali mun ga ba 1 ta bari ba. Saboda haka tsawon zagayen 64 ne cif. Ƙaramar ƙa'idar Fermat kuma ta ce tsawon zagayen yana raba p a ɗebe 1. Ke nan duk firam ɗin da za ta raba lambarka, sai ta kasance ninkin 64 da ƙarin 1.

Jera su: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Cire waɗanda ba firam ba, saura 193, 257, 449, 577, 641. Gwaji na biyar ya kama. A 1878 Édouard Lucas ya ƙara matse sharaɗin, ya nuna sai ninkin 128 da ƙarin 1. Da wannan, 257 da 641 kaɗai suka rage a farkon jerin, 257 kuwa lambar Fermat ce, kuma babu lambobin Fermat biyu da suke da tubali ɗaya. Daga gwaji 6,542 an dawo gwaji guda.

Ba ka ma bukatar doguwar rabawa don ka tabbatar. Riƙe saura kawai. 2^8 ita ce 256. Ninka ta da kanta, 65,536; ɗebe 641 sau 102, wato 65,382, saura 154. Ninka 154 da kanta, 23,716. Ɗebe 641 sau 36, wato 23,076, saura 640. To 2^32 ta bar saura 640, ka ƙara 1 ya zama 641, ta rabu tas. Wannan dabara ta ninkawa da rage saura a kowane mataki ita ce ƙashin bayan duk gwajin firam na zamani, kuma ya kamata hannunka ya saba da ita.

Akwai wata hujja mai kyau da ake so a jarrabawa. 641 ita ce 5 sau 128 da ƙarin 1, kuma ita ce 625 da 16, wato 5^4 + 2^4. Ta fuskar farko, 641 tana raba 5^4 sau 2^28 a ɗebe 1. Ta fuska ta biyu, tana raba 5^4 sau 2^28 a tara 2^32, domin wannan 641 ce aka ninka da 2^28. Duk abin da ya raba lambobi biyu yana raba bambancinsu, bambancin nan kuwa 2^32 + 1 ne.

Aiki bai ƙare ba sai an duba ɗaya ɓangaren. Ɗalibai da yawa suna samun 641 su tsaya, su ɗauka 6,700,417 firam ce ba tare da dubawa ba. Tushen murabba'inta yana tsakanin 2,588 da 2,589. Duk abin da ya raba ta ya raba F5, saboda haka sharaɗin 128 yana nan. Firam masu wannan siffa a ƙasa da 2,589 guda biyar ne: 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. Sauran da suke bari bi da bi shi ne 170, 44, 120, 334 da 622. Babu sifili, to 6,700,417 firam ce, an gama warware lambar.

Me ya sa ta tsallake gwajin abokinka

Gwajin Fermat yana cewa: in lambar da ake gwadawa, wato N, firam ce, ka ɗauki wata lamba, mu kira ta a, wadda N ba ta raba ta, ka ninka ta da kanta har guda N a ɗebe 1, ka raba da N, saura 1 za ka samu. In ba 1 ba ne, N haɗaɗɗiya ce babu shakka. In 1 ne, ba a ce komai ba tukuna. Kuskuren da ake yi shi ne juya maganar. Akwai haɗaɗɗun lambobi da ke tsallakewa, mafi ƙanƙanta idan a ta kasance 2 ita ce 341, wato 11 sau 31.

Kusan tabbas abokinka da 2 ya gwada, kuma wannan shi ne zaɓi mafi muni ga lambar Fermat. Idan aka raba 2^64 da F5 saura 1 ne, N a ɗebe 1 kuwa 2^32 ce, wadda 64 ke raba ta. Dole sakamakon ya fito 1, ko lambar firam ce ko ba firam ba. Duk lambobin Fermat haka suke tsallake gwaji da 2. Har gwajin Miller da Rabin, wanda ya fi na Fermat ƙarfi, F5 tana tsallake shi idan da 2 kaɗai aka yi. Ya sake gwadawa da 3, zai ga saura 3,029,026,160, asirinta ya tonu. Ga lambobin Fermat akwai gwaji na musamman da Théophile Pépin ya kawo a 1877: a ɗebe 1 daga N, a raba biyu, a ninka 3 har guda wannan adadi, a raba da N, in sauran ya zama N ba ɗaya to firam ce, in ba haka ba haɗaɗɗiya ce, babu tsaka-tsaki. A F5 sauran 10,324,303 ne.

Sauya a ba kullum yake wadatarwa ba. Lambobin Carmichael, irin 561 da ke 3 sau 11 sau 17, suna tsallake gwajin Fermat da kowace a da ba su haɗa tubali da ita ba. Shi ya sa a aikace ake amfani da Miller da Rabin da a daban-daban. Ka kuma lura gwaje-gwajen nan suna cewa lamba haɗaɗɗiya ce ba tare da sun ba ka tubalinta ko ɗaya ba. Gane cewa lamba tana rabuwa abu ne mai sauƙi, gano da me take rabuwa shi ne mai wuya.

Wani tarko kuma na na'ura ne. Babbar lambar da bit 32 ke ɗauka, wato gurabe 32 na sifili ko ɗaya a kwamfuta, ita ce 4,294,967,295. Taka ta ɗara ta da biyu, tana bukatar bit 33, kuma a wasu harsunan kwamfuta in ka zuba ta a ma'ajin bit 32 za ta koma 1, na'urar ba za ta yi maka ƙorafi ba. Ninkin ta da kanta alƙaluma ashirin ne, ya wuce ma'ajin bit 64. Excel alƙaluma 15 yake riƙewa daidai, na bayansu yana mai da su sifili, kalkuleta ta hannu ma ba ta kai haka ba. Duk gwajin da ya dogara da saura, in alƙalami na ƙarshe ya lalace, sakamakon shirme ne. Yi amfani da abin da ke riƙe cikakkun lambobi komai tsawonsu, kamar harshen kwamfuta na Python, inda pow(3, N-1, N) zai ba ka sauran kai tsaye.

Rukunan da take ciki

Da tubalan a hannu, sauran lissafi ne kawai. Firam biyu ne suka gina ta, kowanne sau ɗaya, don haka tana cikin lambobi masu tubali biyu, kuma babu murabba'in da ya fi 1 da ke raba ta. Yawan masu raba ta ana samun shi ne a ƙara 1 a kan sau nawa kowane tubali ya fito, a ninka: 2 sau 2, huɗu. Su ne 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Girman lamba ba shi ke kawo yawan masu raba ta ba. 720,720 da ba ta kai miliyan ba tana da 240.

Jimillar masu raba ta 642 sau 6,700,418 ne, wato 4,301,668,356. Cire ita kanta, saura 6,701,059. Tun zamanin Girkawa ake kasa lambobi uku da wannan ma'auni. In jimillar ta yi daidai da lambar, kammalalliya ce, kamar 6, 28, 496 da 8,128. In ta fi ta, mai yalwa ce, kamar 12 ko 945 wadda ita ce ta farko a cikin mara. In ta gaza, gajiyayya ce. Taka gajiyayya ce ƙwarai, jimillar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari shida na lambar ba.

Ƙirgar Euler, wato yawan lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa tubali da ita ba, ita ce 640 sau 6,700,416, wato 4,288,266,240. Wannan adadin ya fi sauran amfani a duniya. Tsarin ɓoye saƙo na RSA da aka fitar a 1977 yana ninka manyan firam biyu ya bayyana sakamakon ga kowa, ya ɓoye tubalan, domin sai da su ake samun ƙirgar Euler da ke buɗe saƙon. Lambarka ƙaramin samfuri ce ta irin wannan, sai dai na gaske suna da alƙaluma sama da ɗari shida. Yayarta 65,537 kuwa ita ce lambar da aka fi sawa a makullin RSA na fili.

Siffar da na fi so a jikinta ita ce ta murabba'i biyu. A fili take 65,536 sau kanta da 1 sau kanta. Amma kuma ita ce 62,264 sau kanta a tara 20,449 sau kanta: 3,876,805,696 da 418,161,601. Firam da ke barin saura 1 in an raba ta da 4 ana rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu ta hanya ɗaya tak. Samun hanya biyu kaɗai ya isa hujjar cewa lamba haɗaɗɗiya ce, ko ba a san tubalanta ba. Asalin hanyoyin biyu daga tubalan ne: 641 ita ce murabba'in 25 da na 4, 6,700,417 kuma murabba'in 2,556 da na 409. Ninka 25 da 2,556 ka samu 63,900, ninka 4 da 409 ka samu 1,636. Jimillarsu 65,536, bambancinsu 62,264. Ninka 25 da 409 ka samu 10,225, ninka 4 da 2,556 ka samu 10,224. Bambancinsu 1, jimillarsu 20,449.

Tana da alaƙa da zane ma. A 1796 Carl Friedrich Gauss ya nuna ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kawai. Ƙa'idar da ta fito daga aikinsa, wadda Pierre Wantzel ya kammala a 1837, ta ce hakan yana yiwuwa ne kaɗai idan yawan gefunan ninkin 2 ne da kansa, ko firam na Fermat daban-daban da aka ninka da juna, ko haɗin biyun. To 4,294,967,295 ita ce 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 65,537, tana zanuwa. 4,294,967,296 ma tana zanuwa. Taka da ke biye da su ba ta zanuwa, domin 641 ba firam ta Fermat ba ce.

Akwai siffofin da za ka gani a jerin bayanan lambobi waɗanda ba na ba su nauyi sosai: jimillar alƙaluma, ko lambar tana karantuwa iri ɗaya ta gaba da ta baya, ko jimillar alƙalumanta tana raba ta. Waɗannan siffofin rubutu ne, suna sauyawa da zarar an sauya tsarin ƙirga. A ƙirgar goma-goma lambarka ba ta karantuwa iri ɗaya ta baya. A tsarin sifili da ɗaya na kwamfuta kuwa 1 ce, sai sifili 31, sai 1, ta karantu. A ƙirgar sha shida-sha shida ana rubuta ta 100000001. Ka ambace su in an nema, amma ka faɗi tsarin da kake magana a kai. Kasancewarta haɗaɗɗiya, da yawan masu raba ta, da ƙirgar Euler, ba ruwansu da yadda aka rubuta ta.

Iyakar wannan hanya

Gajeriyar hanyar 128 ta yi aiki ne saboda siffar lambar. Lamba mai alƙaluma goma da aka ɗauko haka kawai ba ta da wannan gata, sai a koma ga rabawa har tushen murabba'i, ko hanyoyi irin na masanin lissafi Pollard idan ta fi haka tsawo. Ko a cikin lambobin Fermat ɗin ma dabarar ba ta nisa. F6 tana da alƙaluma ashirin, ƙaramin tubalinta 274,177. F7 an san haɗaɗɗiya ce tun 1905, amma sai a 1970 Michael Morrison da John Brillhart suka warware ta da kwamfuta. Waɗanda aka warware gaba ɗaya sun tsaya a F11. An tabbatar daga F5 har F32 duk haɗaɗɗu ne, wasu ma ba a san tubalinsu ko ɗaya ba, kamar F20 da F24. F33 tana da alƙaluma sama da biliyan biyu da rabi, ba a san matsayinta ba, kuma babu wanda ya tabbatar ko akwai wata firam ta Fermat bayan 65,537.

A takardar aikinka, ka fara da nuna cewa lambar 2^32 + 1 ce, ka kawo lissafin saura na 154 da 640 a matsayin hujjar 641, ka nuna gwaji biyar ɗin da suka tabbatar 6,700,417 firam ce, sannan ka fitar da masu raba ta, jimillarsu da ƙirgar Euler daga tubalan biyu. In malaminku ya tambayi batun gwajin Fermat, ka nuna masa sakamakon 2 da na 3 gefe da gefe.